Ina suke ɓuya duk tsawon rani? Muhawara kan shinge, sauro da fara a Sakkwato

Abu Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masana da dattawanmu. Ruwan farko ya sauka shekaranjiya, jiya da magariba kuwa shinge ya cika unguwarmu, har sai da muka kashe ƙwan waje. Yau da safe fukafukai ne zube ko'ina a tsakar gida, kaji sun yi sallah. To tun watan goma rabonmu da ruwa. An yi hunturu, an yi zafin da ya haura digiri 40, ƙasa ta bushe ƙayau. Ina waɗannan halittu suke duk tsawon lokacin nan? Ba shinge kaɗai ba, nan da 'yan kwanaki sauro zai dawo da ƙarfinsa, mazari ya cika fadama, 'ya'yan fara su fara tsalle a gona. Wani abokina ya ce ruwan ne ke saukowa da su daga sama. Na yi masa dariya, da ya ce in kawo nawa bayanin sai na kama kame-kame.

Yaro Ba Kuɗi: Abokinka ya fi ka, shi ya kawo amsa kai ka kawo dariya.

Baba Na Kwalkwalawa: Wa alaikumus salam. Ɗana, shinge ɗiyan gara na, cikin suri shika hitowa. In ruwan hwari ya sauka, ka tai bakin suri da la'asar sakaliya, ka ga ƙananan ramu da gara tab buɗe waɗanda babu su jiya. Zago na tsaye bakinsu da manyan kawuna suna gadi, shinge na hita ɗaya bayan ɗaya. In sun ƙare hita a liƙe ramun da laka, gobe ko alama ba ka gani. Mu da muna yara kwano muka cikawa da ruwa mu aje ƙarƙashin hitila, in ya cika a soye da ɗan gishiri. Ko mai ba a sa mai, don da mai nai shika zakkuwa.

Malamar Bayoloji: Baba ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi. A cikin suri akwai sarauniya da mijinta, akwai ma'aikata, akwai sojoji, wato zagon da Baba ya ambata. Dukansu ba su da fiffike, ma'aikata da sojoji ma ko ido ba su da shi. Sau ɗaya a shekara gidan ke renon wasu 'ya'ya na daban, maza da mata, masu ido da fukafukai huɗu da kitse a jiki, su ne shinge. Tun kafin damina an gama renonsu, suna zaune a ƙasa suna jira. Abin da ya sa rani bai kashe su ba shi ne cikin suri kullum da laima, domin ma'aikata suna haƙa zurfi har su kai ga danshi, su riƙa haurowa da jiƙaƙƙiyar laka.

Jiran ruwa kuwa dole ne a gare su. Fatarsu ba ta da kauri, in suka fito a busasshiyar iska nan da nan za su ƙafe, sannan busasshiyar ƙasa ba ta haƙuwa. Tashin ma ba mai nisa ba ne. Da sun sauka sai su karya fukafukan da kansu, akwai wata gaɓa a gindin kowane fiffike da aka halitta don ta ɓalle a nan. Shi ya sa ka tarar da fukafukai zube babu masu su, Malam Abu. In da ka haska ƙasa da tocila a daren, da ka ga su bibbiyu, macen a gaba namijin yana manne da bayanta, suna neman inda za su tona. Waɗanda suka tsira daga kaji da kwaɗi da ƙadangaru da yaran su Baba, su ne za su zama sarki da sarauniya na sabon suri. A irin garar da ke gina manyan surori, cikin sarauniya yakan kumbura har ta kai santimita 10, ba ta iya motsi, tana zuba ƙwai kimanin 20,000 a rana, kuma takan rayu shekara 15 zuwa 20.

Maman Ilham: Ikon Allah. Malama, to me suke nema a jikin fitila? Ni abin da ke hana ni sakewa ke nan, ana cikin cin tuwo su faɗo a miya.

Ɗalibin Noma Dundaye: Anti, in Malama ta ba ni dama. An daɗe ana cewa son haske suke, ko kuma sun ɗauka wata ne. A 2024 wasu masu bincike daga Landan da Amurka suka fitar da sakamakon aikin da suka yi da kyamarori masu saurin ɗauka, har a dajin Kosta Rika. Suka ga ƙwaron ba ya nufar fitila kai tsaye, bayansa yake juya mata. Dalili shi ne, halitta mai rashin nauyi irin wannan in tana tashi tana juyi a iska, hanyar da take gane sama da ƙasa ita ce ta ba wa ɓangaren da ya fi haske baya, tunda ko da dare sama ta fi ƙasa haske. To in kin kunna ƙwai a bango, sai ya ba shi baya, ya karkace, ya yi ta kewaya shi har ya gaji ya faɗo. Fitilar da aka yi wa rufi ta haska ƙasa kawai ta fi wadda ke tsirara sauƙin wannan matsala. Ko kuma ki kai fitilar nesa da inda ake cin abinci.

Yaro Ba Kuɗi: Ko ki bar su a miyar, nama ya yi tsada.

Nas Ɗin Wamakko: Malam Abu, kada ka yi saurin kayar da abokinka. A kan shinge bai dace ba, amma a kan sauro yana da ƙamshin gaskiya. A ƙasar Mali an yi wani aiki da aka wallafa a 2019. Sun riƙa ɗaga manyan balan-balan da dare a wasu ƙauyuka, da raga mai danƙo a jikin igiyar, daga mita 40 har zuwa mita 290 a sama. Suka kama sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a can sama, fiye da kashi 80 cikin 100 mata ne, kuma mafi yawansu sun sha jini kafin su tashi, wato da ƙwai a cikinsu. Lissafi ya nuna iska na iya kai su kusan kilomita 300 a dare ɗaya. Saboda haka iskar damina da ke busowa daga kudu ba hadari kaɗai take turowa ba.

Wani nau'in kuma bai zuwa ko'ina, lafewa yake yi. A Malin dai aka shafa wa sauro kusan 7,000 alama a ƙarshen damina aka sake su. Bayan wata bakwai, da ruwan farko ya sauka, aka kama mace ɗaya daga cikinsu da ranta. Sauron da a damina bai cika wuce mako biyu zuwa uku a duniya ba. Kuma ku lura, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana bukatar kwana bakwai zuwa goma. In ka ga manya sun cika ɗaki kwana uku bayan ruwan farko, ba a ruwan nan aka haife su ba.

Alhaji Gawon Nama: Ni fa ban yarda da wannan dogon labari ba. Wane irin ɓuya, wace irin tafiya a sama? Sauro a unguwarmu bai taɓa tafiya hutu ba, ko a watan huɗu da ake tsananin zafi cizo yake. Ga kwatoci nan cike da ruwan wanke-wanke shekara da shekaru. A gyara magudanai kawai a daina kai mu Mali.

Nas Ɗin Wamakko: Ranka ya daɗe Alhaji, maganar kwata gaskiya ce, sai dai sauron kwata daban, na zazzaɓi daban. Wanda ke haihuwa a ƙazamin ruwa da masai shi ne mai yawan kuka a kunne, yana nan rani da damina. Mai zazzaɓin ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke duka, irin na sawun shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, da fadamar shinkafa. Ka duba su a bango da tocila. Na kwata jikinsa a kwance yake daidai da bangon, na zazzaɓi kuwa kansa a ƙasa, bayansa a ɗage sama. Mu a asibiti muna ganin bambancin a layin marasa lafiya, daga watan takwas zuwa na goma gado ba ya isa. Shi ya sa ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a damina, ba a rani ba.

Alhaji Gawon Nama: To na bakin Rima da masu noman rani a Goronyo da Wurno fa? Ruwa na nan duk shekara.

Nas Ɗin Wamakko: Su nasu bai yankewa gaba ɗaya, hakane Alhaji. Tambayar Malam Abu ta fi shafar garuruwan tudu, irin na wajen Tangaza da Gudu, inda za ka yi tafiya mai nisa da rani ba ka ga ko kududdufi ba, amma ruwa na sauka sauro ya bayyana.

Alhaji Gawon Nama: Duk da haka a gyara kwatocin.

Malamar Bayoloji: A gyara, Alhaji, babu mai ja. Tunda an ambaci mazari a tambayar, shi ma akwai nau'insa mai ruwan ɗorawa da ke bin iskar damina duk inda ta nufa. Yana zuba ƙwai a ruwan da ya kwanta, 'ya'yan su girma cikin mako biyar zuwa shida kafin wurin ya ƙafe, su yi fiffike su bi hadari gaba. An tabbatar irinsa na ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. 'Ya'yansa a ruwa tsutsar sauro suke ci, shi kuma a sama yana cafke manyan, don haka ku hana yara kama shi suna ɗaura masa zare.

Hajiya Mai Fara: Ku dai kun tsaya kan abin da ba ya kawo ko sisi. A zo kan fara, ita ce ta aurar mini da 'ya'ya. Ni abin da na sani, sai an yi girbi sanyi ya shigo take samuwa da yawa. Masu kamu da dare suke fita da tocila, ko da asuba kafin rana ta fito, su tsince ta a kan kara da itatuwa ba ta ko motsi. Rana na ɗagowa kuwa ko ɗan tsere ne kai ba ka kama ta. A zuba ta a tafasasshen ruwa, a shanya, a zuba a buhu. In ta zo hannuna in cire fiffike da ƙafafun nan masu ƙaya, in soya da mai, in barbaɗa yaji da gishiri da ɗan lemun tsami. Amma inda take zuwa da bazara, wannan sai malamai.

Ɗan Ƙonni: Hajiya ina gaisuwa. Buhunan da kuke saye da dama ta Illela suke shigowa, daga ƙauyukan Tawa da Maraɗi. Mu ma tambayar nan muna yinta.

Malamar Bayoloji: Hajiya, abin da kika faɗa na kamun asuba shi ne rabin darasin. Yawancin ƙwari ba sa riƙe ɗumin jiki da kansu, zafinsu na wurin da suke ne. Naman da ke kaɗa fiffike ba ya aiki sai ya ɗumama, shi ya sa da hantsi za ki ga fara ta ba rana gefen jikinta tana shan ɗumi kafin ta tashi. Ƙafafun bayan nan da kike cirewa kuwa, ba da ƙarfin nama kai tsaye take tsalle da su ba. Tana naɗe ƙafar ta kulle, naman cinyar ya yi ta ja a hankali har wani ƙashi mai lanƙwasuwa a gwiwa ya tanƙware, sannan ta saki gaba ɗaya, kamar yaro ya ja robar gwafa ya saki. Kunnenta ma ba a ka yake ba. In kin ɗaga fiffike, a gefen ciki dab da inda ƙafar baya ta haɗu da jiki, za ki ga wata 'yar fata zagayayya mai sheƙi, da ita take ji. Gyare kuma nasa a ƙafafun gaba suke.

Game da rani, yawancin farar gonakinmu iyayen mutuwa suke yi bayan kaka. Kafin nan macen ta tura ƙarshen cikinta cikin ƙasa, cikin yana miƙewa fiye da tsawonsa, ta zuba ƙwai a dunƙule ta toshe ramin da wani kumfa da ke bushewa. Ƙwan ya tsaya cak bai girma, sai ruwa ya jiƙa shi. In damina ta ƙi, na wasu nau'in na iya jiran ta baɗi. Wasu nau'in kuma manyan ne ke ƙetare rani a cikin ciyawa da itatuwa ba tare da sun yi ƙwai ba.

Baba Na Kwalkwalawa: Gaskiya na, Malama. Shi as sa in anka yi huɗa da wuri, zabbi da tsuntsaye sunka bi kuyya suna tono, ɗiyan hwara ba su yawa wurin. Amma wagga hwara ta gona ba ita ta tsohhinmu suka tsoro ba. Hwarar ɗango ita ta aka kira bala'i. Kakana ya ce in ta taso rana na duhu, reshen icce na karyewa don nauyinta.

Ɗan Ƙonni: Baba, mu mun gani da idonmu a 2004. Ina saurayi lokacin, a wani ƙauye arewa da Tawa. Da la'asar muka hango ja-ja a sama ta gabas, muka ɗauka guguwa ce. Da ta sauka a gonar gero, ƙarar cinta kaɗai kake ji. Mata na buga kwanoni, muna ƙona ciyawa don hayaƙi, ko a jikinta. Washegari da hantsi ta tashi, ta bar mana kara tsaye. Ga ƙarancin ruwa a shekarar, shi ne aka shiga yunwar 2005 a Nijar. Tsofaffi kuma suna ba da labarin ta 1931, wadda ita ma fara ce ta jawo ta.

Ɗalibin Noma Dundaye: Allah ya kiyaye gaba. Abin mamakin farar ɗango shi ne, a yawancin shekaru tana nan a hamada, wajen Tamasna da duwatsun Ayar a Nijar, ɗai-ɗai, launin ƙasa ko kore, tana gudun 'yar'uwarta, da dare take tashi. Har masana sun ɗauka wannan da mai tafiya a garke nau'i biyu ne daban, sai a 1921 wani masani ɗan Rasha, Boris Uvarov, ya nuna a kan wata fara mai ƙaura irinta cewa fara ɗaya ce ke sauya kama. In an yi ruwa mai kyau a hamada ta hayayyafa, sannan ciyawa ta fara bushewa, sai duk su matsu a ɗan koren da ya rage. Gogayyar da ƙafafunsu na baya ke yi da na juna ita ce ke kunna abin. A ɗakin gwaji an riƙa shafa cinyar fara ɗaya da ɗan burushi, cikin awa biyu zuwa huɗu ta fara neman taro. A 2009 masana a Ingila suka gano sinadarin da ke ƙaruwa a jijiyoyinta a lokacin, sunansa serotonin.

Daga nan launi ya canja. 'Ya'yan su zama baƙi da rawaya, suna tafiya a ƙasa runduna guda, wanda ya tsaya na bayansa su cinye shi. Sabbin masu fiffike ja-ja ne, shi ne jan da Yaya Ɗan Ƙonni ya hango, in sun balaga su koma rawaya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya na ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80. Kowace tana cin nauyin jikinta a rana, kimanin giram 2, kuma garken na iya tafiyar kilomita 150 a yini. A 1988 wasu sun tashi daga Afirka ta Yamma iska ta kai su har tsibiran Karebiyan, kusan kilomita 5,000 a kan teku.

Yaro Ba Kuɗi: Ba biza ba fasfo. Ni da za ta ɗauke ni.

Hajiya Mai Fara: Miliyan 80! Ai da buhu ya yi araha.

Ɗalibin Noma Dundaye: A nan ne matsalar take, Hajiya. Irin wannan garken da jirgi da motoci ake yi masa feshi, kuma farar da aka tsince bayan feshi guba ce. Ko a gonakinmu, wanda ya ga fara zube a mace ko tana layi bayan an yi feshi, kada ya kwasa.

Hajiya Mai Fara: Kai yaro, kada ka kashe mini kasuwa. Shekaru nawa ina wannan sana'a ba wanda ya taɓa dawo mini da ciwon ciki. Ina da mutanen da nake saye a hannunsu, na san su sun san ni, kuma buhun da na buɗe na ji wari baƙo ba na karɓa ko kyauta ne.

Ɗalibin Noma Dundaye: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban ce taki ba. Sanin mai kamun da kika yi shi ne kariyar. Hanci kaɗai ba ya isa, don ba kowane magani ke barin wari bayan an tafasa an shanya ba.

Ustaz Gidan Igwai: Bismillah. Cin fara halal ne, hadisi ya tabbata cewa sahabbai sun yi yaƙoƙi bakwai tare da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suna cin fara. Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya ana so a kashe ta da wani sababi tare da niyya da ambaton sunan Allah, kamar jefa ta a ruwan zafi ko cire kai. Wadda aka tarar ta mutu da kanta ba a ci a mashhurin zance, ko da yake sauran mazhabobi sun halatta. Kun ga ke nan wanda ya bi wannan ba zai kwashi matacciyar farar feshi ba tun farko. Wanda kuma ya san ta feshi ce ya sayar wa mutane, ya ci amana.

Baba Na Kwalkwalawa: Allah shi gafarta Malam. A ƙara da hwarar tumfafiya, mai rawaya da zane. Ko kaza ba ta taɓa ta.

Malamar Bayoloji: Saboda dafin ganyen tumfafiyar take tarawa a jikinta, Baba, launin kuma gargaɗi ne ga tsuntsu. Shi ya sa ba ta da saurin gudu, ta san ba mai son ta.

Bari in kawo muku wanda ya fi duka ba ni mamaki, kuma a arewacin Najeriya aka fara gano shi. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai siffar sauro amma ba ya cizo, masana na kiransa Polypedilum vanderplanki, an bayyana shi a 1951. Tsutsarsa ja ce, ba ta kai santimita ɗaya ba, tana rayuwa a 'yan ramukan da ruwa ke taruwa a kan fa. In ruwan ya ƙafe ba ta gudu, ba ta tono. Bushewa take yi tare da lakar, har ruwan jikinta ya koma kashi 3 cikin 100, numfashi ya tsaya, komai ya tsaya. Yayin bushewar, wadda dole ta kasance a hankali cikin kamar kwana biyu, jikinta na tara wani irin sukari da ke maye gurbin ruwan ya riƙe sassan jikin kada su lalace. Ruwa na taɓa ta, cikin awa guda ta ci gaba da motsi. An ajiye wasu shekara 17 a bushe, aka zuba musu ruwa suka motsa. Masana a Japan sun daɗe suna aiki a kanta, har an kai ta tashar sararin samaniya a 2007 aka bar ta a waje fiye da shekara, aka dawo da ita ta farfaɗo.

Ustaz Gidan Igwai: Subhanallah. Mai shakkar tashin ƙiyama ya je ya duba kan dutse.

Mai Zuma Na Dange: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ƙudan zuma shi ba ya ɓuya, bai cika ƙaura ba sai ya rasa ruwa ko abinci. Cikin amya dole zafi ya tsaya wajen digiri 35 saboda 'ya'ya, in ya wuce saƙar ma sai ta yi laushi ta zube. A watan huɗu ku je bakin rijiya ko inda ake ban ruwan dabbobi, za ku gan su jere a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba sha kawai suke ba, ɗauka suke su kai gida su shafa a kan saƙa, wasu kuma su tsaya a ƙofa suna fifita da fukafukai. In ka kara kunne a jikin amya da tsakar rana za ka ji gunjin. Ni tsohuwar tukunya nake ajewa da ruwa da 'yan karare a ciki don su samu wurin sauka, tun da na fara haka suka rage gudu su bar mini amya wayam.

Kukana ɗaya ne, masu feshin wake da kankana da safe lokacin da fure ke buɗe. Bara na tarar da su tuli a ƙasan amya biyu. Kuma mai gonar shi ma ya yi wa kansa, don kankana ba ta 'ya'ya in ƙuda bai bi furenta ba.

Baba Na Kwalkwalawa: Malam mai zuma, kukanka na bisa hanya, amma mu ma mi za mu yi? In ba ka hesa ba tsutsa ta canye wake tun shina hure. Zuma da zaƙi da harbi, noma ma hakanan.

Ɗalibin Noma Dundaye: Baba, ba a ce a bari ba, lokacin za a sauya. A yi feshi da yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, kuma iska ta kwanta, maganin ma ya fi zama a ganye. Ga ƙananan ƙwari masu laushi irin darɓar wake, ruwan sabulu da na 'ya'yan dogon yaro na aiki. Ƙwaro ba shi da huhu, ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa iska ke shiga, ta bi siraran bututu har cikin nama. Sabulu da mai suna toshe su, suna kuma ɓata kakin da ke rufe fatarsa ya hana shi bushewa. Tokar da iyayenmu ke cakuɗawa da wake a rumbu ma kakin nan take gogewa, ga kuma cike gurbin da ƙwaron zai bi. Buhun nan mai leda biyu a ciki kuma iska yake hana shi. Ita fara har maganinta na halitta akwai, wani naman gwari ne da aka samo a jikin wata fara a Nijar, ake sayar da shi da sunan Green Muscle. Ba ya taɓa tsuntsu ko mutum, sai dai yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya kashe, shi ya sa manomi mai gaggawa ba ya son sa.

Baba Na Kwalkwalawa: Sati ukku? Kahin nan ta kai ga rumbu. Amma maganar heshin marece na ɗauka, wanga ba shi da wuya. Sai dai ka hwaɗa ma yaran da muka biya su hesa, su da sahe suka so su gama su tai wani aiki.

Mai Zuma Na Dange: Ko sanarwa a riƙa yi mana kwana ɗaya kafin feshi, Baba, mu san yadda za mu yi da amyoyin da ke kusa.

Maman Ilham: Malama, tambaya ta ƙarshe daga 'yata, tana nan tana leƙen wayar. Wai ƙananan ƙudajen da ke bin mangwaro da tumatir, in sun girma su ne ke zama manyan ƙudaje?

Malamar Bayoloji: Ki ce mata a'a, kuma ta yi tambaya mai kyau. Ƙuda in ya yi fiffike ya gama girma, ba ya ƙara ko kaɗan, don fatarsa mai tauri ce kuma ba ya sake saɓa. Duk girman da zai yi yana tsutsa yake yinsa. Ƙananan nan jinsinsu daban, haka za su mutu. Ki sa ta kama babban ƙuda ɗaya ta duba bayan fukafukansa. Biyu gare shi maimakon huɗu, a gurbin na bayan akwai wasu 'yan ƙananan sanduna masu kai, da su yake jin juyawar jikinsa a iska. In ta gani ta zo ta ba mu labari, sannan ta wanke hannu da sabulu.

Hajiya Mai Fara: Ɗan Ƙonni, bana in sanyi ya shigo ka tuna da ni da buhu biyu, manya masu ƙwai nake so, ba irin ƙananan bara ba.

Ɗan Ƙonni: In Allah ya kai mu Hajiya. Sai dai kuɗin mota ya tashi, kada ki ce ban faɗa ba.